Laifin Mutum Uku, Hukuncin Mutum Ashirin: Darasi Kan Ladabtarwa a Gasar Matasa

Duk wanda ya je fili ranar wasan kusa da na ƙarshe na gasar sassa a zangon karatun da ya wuce ya ga abin da ya faru. Saura 'yan mintoci a tashi, ana kunnen doki, rafali ya busa fenareti. Kafin ka ce kwabo 'yan wasa uku sun yi kansa, ɗaya ya fizge usur daga hannunsa, ɗaya ya ci kwalarsa, magoya baya suka ɓarko cikin fili, wasa ya watse. Bayan kwana biyu takarda ta fito a allon sanarwa: an fitar da sashen daga gasar, kuma ba zai shiga ta baɗi ba. Ba zan kama sunan sashen ba, don ba tonon silili ne ya kawo ni ba.

Abin da ya kawo ni shi ne gardamar da ta biyo baya a ɗakunan kwana da teburin mai shayi. Wasu suka ce daidai ke nan, ai wake ɗaya shi ke ɓata gari. Wasu suka ce to golan fa, wanda yana can ɗaya ƙarshen filin ya riƙe ƙugu bai ko motsa ba? 'Yan ND 1 da za su shigo baɗi fa, me suka yi? Na saurari kowa, sai na lura yawancinmu da zuciya muke gardamar, babu wanda ya san yadda ake yanke irin wannan hukunci a wuraren da aka daɗe ana yi. Shi ya sa na ga ya kamata mu zauna mu yi karatun abin: yaushe ne ake hukunta ɗan wasa shi kaɗai, yaushe ne ƙungiya duka ke ɗaukar kayan, kuma wa ke sulalewa ba a taɓa shi ba.

Mu fara da doka. Dokokin ƙwallon ƙafa guda 17 ne, hukumar IFAB ke kula da su, kuma ikon da suka ba rafali a cikin fili ya tsaya. Yana iya ba da katin gargaɗi, yana iya ba da jan kati, yana iya tsayar da wasa ko ya tashe shi gaba ɗaya. Idan 'yan wasan ƙungiya suka ragu ƙasa da bakwai, wasa ba ya ci gaba. Amma rafali ba shi da ikon cewa wane ne ya yi nasara a wasan da ya watse, balle ya kori ƙungiya daga gasa. Abin da doka ta 7 ta tanada shi ne a sake buga wasan da aka tashi ba a gama ba, sai dai idan ƙa'idojin gasar ko masu shirya ta sun yanke wani abu daban. Wato duk wani hukunci mai nauyi, irin su ba abokan karawa nasarar 3-0 a kan tebur, da rage maki, da tara, da dakatarwa, daga ƙa'idojin gasa yake fitowa da kwamitin ladabtarwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Akwai kuma wani gyara da aka yi a 2019 wanda ban ga ana amfani da shi a filinmu ba. Tun daga lokacin ana iya ɗaga wa koci da sauran jami'an benci kati. Idan kuma wani a benci ya yi laifi aka kasa gane ko wane ne, babban kocin da ke wurin shi ke karɓar katin. Dokar ta san cewa hayaniyar cikin fili sau da yawa daga bakin layi take tasowa.

Yanzu ga misali na farko, wanda ya fi kama da namu. A watan Yulin 2007 aka buga gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Kanada. A wasan kusa da na ƙarshe a birnin Toronto, Ajantina mai su Sergio Agüero da Ángel Di María ta doke Chile da ci 3-0. Tawagar Chile ɗin nan ba ta wasa ba ce, cikinta akwai Arturo Vidal da Alexis Sánchez da Gary Medel. Rafalin, Bajamushe Wolfgang Stark, ya kori 'yan Chile biyu, har da Medel tun farkon wasa. Ana tashi suka yi masa ca, sai da 'yan sanda suka raka shi ya fita. Daga baya rikici ya sake ɓarkewa tsakanin 'yan wasan da 'yan sanda a wajen motar tawaga, aka tsare su na wasu sa'o'i, abin ya kai har gwamnatocin ƙasashen biyu suka yi musayar kalamai. To me FIFA ta yi? Ta dakatar da ɗan wasa guda, Jaime Grondona, na wata tara saboda taɓa jami'an wasa, ta ci hukumar ƙwallon Chile tara. Tawagar kuwa ta buga wasan neman na uku, ta ci Ostiriya 1-0, ta koma gida da lambar tagulla.

Wata tara ga matashi mai neman suna ba ƙaramin abu ba ne. Amma ku duba inda hukuncin ya sauka: tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa ya doka. An ware wanda ya ɗaga hannu, an caji manyan da suka kawo yaran, an bar sauran su ƙarasa abin da suka zo yi.

Misali na biyu ya bi ta wata hanya. A Amurka akwai gasar yara ta sofbol, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda kamar besbol. A watan Agustan 2017 wata ƙungiyar 'yan mata da ake kira Atlee, daga jihar Bajiniya, ta je babbar gasar a garin Kirkland na jihar Washinton. Yara ne da ba su wuce shekara 15 ba. Sun ci masu masaukin baƙi a wasan kusa da na ƙarshe, sai shida daga cikinsu suka ɗauki hoto suna irin daƙƙuwar Turawa, ta ɗaga yatsan tsakiya, aka sa a Snapchat da nufin masu masaukin. Da kocin ya ji, ya sa aka goge hoton, ya kai yaran suka ba da haƙuri ido da ido. Duk da haka, sa'o'i kaɗan kafin wasan ƙarshe da za a nuna a talabijin, masu gasar suka kori ƙungiyar baki ɗaya. Kirkland da aka ci jiya ita ta buga wasan ƙarshen, ta kuma sha kashi.

Ni a ganina an zarce a nan. Shidan a zaunar da su, ba wanda zai ce uffan. Amma yarinyar da ba ta cikin hoton, wadda iyayenta suka ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma don su gan ta, wane darasi ta koya? Abin da ta koya shi ne kyakkyawan halinta bai tsinana mata komai ba. Duk da haka kada ku ce labarin bai shafe mu ba. Hoto ɗaya ya jawo wannan, ba duka ba, ba jifa ba. Ku da kuke sa bidiyon zagin abokan karawa a WhatsApp da TikTok kafin ku ma cire takalmin wasa, ku sani cewa masu gasa yanzu har cikin waya suke bin mutum.

To ke nan ba a taɓa hukunta ƙungiya duka bisa gaskiya? Ana yi mana. Kuma misalin a nan gida yake, a Bauchi, a watan Yulin 2013. Ana wasannin neman hawa mataki a gasar ƙananan ƙungiyoyi ta ƙasa. Plateau United Feeders, wato reshen matasa na Plateau United, da Police Machine ta Adamawa makinsu ɗaya, yawan ƙwallaye ne zai raba su, kuma a lokaci guda suke buga wasanninsu na ƙarshe. An je hutun rabin lokaci Feeders tana cin Akurba 7-0, Police Machine tana cin Bubayaro 6-0. Ana tashi sakamako ya zama 79-0 da 67-0. Ku yi lissafi, mu 'yan fasaha ne: ƙwallo 72 a minti 45 na nufin ana ci kusan kowace daƙiƙa 37, har da ɗauko ƙwallo daga raga a kai tsakiya. Duniya ta yi mana dariya. Hukumar NFF ta haramta wa 'yan wasa da jami'an da abin ya shafa harkar ƙwallo har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara goma.

A nan babu golan da zai ce shi yana can ƙarshen fili. Ba yadda za a yi a zura ƙwallo 72 a rabin wasa ba tare da kowa ya sa hannu ba, masu ci da waɗanda ake ci, da benci. Laifin na ƙungiya ne domin ƙungiya ce ta yi shi. Bambancin ke nan da ya kamata kowane kwamitin ladabtarwa ya fara tambaya a kai: wannan laifin na zafin zuciya ne da mutum biyu ko uku suka yi cikin daƙiƙa goma, ko kuwa shiri ne da aka zauna aka ƙulla? Ko da yake, ko a Bauchin ma, ina da ja kan hukuncin har abada ga matashin da aka ce masa ya kauce ya ba da hanya. Wanda ya ba shi umarnin da shi ba nauyinsu ɗaya ba.

Wannan ya kawo mu ga laifin da ya fi kowane cin ƙungiyoyin matasa, wato rage shekaru. Zan ɗan daɗe a nan, domin shi ne ya fi nuna yadda manya ke ɓata abu yara su biya.

A 1988 Meziko ta sa 'yan wasa aƙalla huɗu da suka haura shekaru a gasar 'yan ƙasa da 20 ta yankinsu. 'Yan jarida ne suka bankaɗo, ta hanyar gwada shekarun da aka bayar da waɗanda ke cikin littafin shekara na hukumar ƙwallon ƙasar da kanta. FIFA ta dakatar da dukkan tawagogin Meziko na shekara biyu, manya da ƙanana. Ba su je gasar Olamfik ta Seoul a 1988 ba, ba su je kofin duniya na Italiya a 1990 ba. A kakar 1989/90 Hugo Sánchez ya ci wa Real Madrid ƙwallo 38 a La Liga, yana kan ganiyarsa, amma a gida ya kalli kofin duniya saboda takardun da wasu suka cika a ofis.

Mu ma mun sha namu. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na shekara biyu, bayan ta gano ranakun haihuwar 'yan wasa uku da suka je Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a gasannin baya. Aka kuma ƙwace mana karɓar baƙuncin kofin duniya na matasa na 1991, aka kai Fotugal. Ku tuna a 1989 ɗin ne tawagarmu ta kai wasan ƙarshe a Saudiyya, bayan ta farke ƙwallo huɗu da Tarayyar Sobiyet ta zura mata a Dammam. Yaran da ke tasowa a bayansu, waɗanda lokacinsu ya faɗo daidai shekarun dakatarwar, ba su ga fili ba. Shekarun ɗan wasa kuwa ba sa jira. Wanda yake 16 a lokacin, kafin a ɗage hukuncin ya wuce. Sai 1999 muka karɓi baƙuncin gasar, aka buga wasanni har a Kano da Kaduna da Bauchi.

Daga 2009, a gasar 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya, FIFA ta fara amfani da na'urar MRI wajen ɗaukar hoton wuyan hannu. Dalilin shi ne a ƙarshen ƙashin hannun yaro akwai wani sashe mai laushi inda ƙashi ke ƙara tsawo, kuma yana haɗewa ya ƙafe idan girma ya kammala. Ana auna haɗewar daga mataki na 1 zuwa na 6. Wanda nasa ya kai na 6 ana ɗauka ya wuce 17. Gwajin ba ma'asumi ba ne, domin jiki ba ya girma da agogo ɗaya, akwai yaron da ƙashinsa kan riga shekarunsa. Amma ya canza lissafi. A 2016, muna riƙe da kofin duniya na 2013 da na 2015, 'yan wasa 26 na sansanin Golden Eaglets suka faɗi gwajin daf da wasan share fage da Nijar. Nijar ta fitar da mu, ta wuce har gasar duniya ta Indiya a 2017, karonta na farko. A 2019 Gini ta zo ta biyu a gasar Afirka ta 'yan ƙasa da 17 a Tanzaniya, sai CAF ta soke sakamakonta saboda takardun 'yan wasa biyu, Senegal ta karɓi kujerarta zuwa Brazil. A farkon 2023 kuma labarin Kamaru ya cika ko'ina, inda 21 cikin 30 suka faɗi gwajin da hukumar da Samuel Eto'o ke jagoranta ta sa aka yi.

Tambayata a nan ita ce, wane yaro ne ke yi wa kansa fasfo? Wa ke zuwa ya yi rantsuwar shekaru? Wa ke sa hannu a takardar rajista? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sunan yaron ke fita a jarida, shi ake nunawa a unguwa, amma dillalin da ya ce masa ya zubar da shekara huɗu gobe yana wani filin yana neman wani yaron. A irin wannan laifi soke sakamakon ƙungiya dole ne, domin nasarar da aka samu da ɗan shekara 21 a cikin 'yan 16 ba nasara ba ce, kuma akwai wasu yaran da aka ci da zalunci, su ma suna da haƙƙi. Sai dai idan hukuncin ya tsaya kan kofi da 'yan wasa, bai kai ga mai biro ba, an yi rabin aiki.

Kada wani ya ce mu ba mu da matsalar shekaru a makaranta. Tamu sunanta 'yan haya. Kowa ya san yadda ake ɗauko ɗan wasa daga kulob ɗin cikin gari, a ba shi katin shaidar wani, ya buga wa sashe ranar wasan ƙarshe, ba a sake ganinsa ba sai baɗi. Laifi iri ɗaya ne da na Meziko, girman fili ne kawai ya bambanta. Kuma wanda ya fi cutuwa shi ne ɗalibin gaske da ya yi wata biyu yana fitowa atisaye da asuba, ranar wasa aka ajiye shi a benci. Idan muka saba da wannan a gasar sassa, da shi za mu tafi NIPOGA, inda sunan makaranta duka ne a kan tebur, ba na sashe ba.

Mu koma kan takardar da aka manna a allon sanarwa. Ni ba na cikin masu cewa a yafe. Wanda ya ci kwalar rafali ya cancanci dakatarwa mai tsawo, har ma a miƙa batunsa ga hukumar makaranta, domin cin zarafi ne ko a fili ko a aji. Rafalin nan sau da yawa ɗalibi ne ɗan'uwanmu ko wani bawan Allah da aka ba kuɗin mota, idan ba a kare shi ba gobe ba mai karɓar usur. Ba abokan karawa wasan ma daidai ne, tunda ba su suka watsa shi ba. Inda na rabu da kwamitin shi ne haramcin baɗi. Wannan ya sauka kan mutanen da ba su ma samu gurbin karatu ba tukuna, alhali biyu daga cikin ukun da suka yi laifin suna shekarar ƙarshe, za su tattara su tafi ba abin da ya taɓa su. Jami'an benci kuwa, waɗanda kowa ya ji muryarsu kafin yaran su ruga, ko sunansu babu a takardar.

Babbar matsalar ma ta riga ranar wasan. Na tambayi kyaftin huɗu na sassa daban-daban ko an ba su ƙa'idojin gasar a rubuce kafin a fara, babu wanda ya ce e. Jadawalin wasanni kawai suka gani. To idan babu rubutacciyar ƙa'ida, kwamiti da yanayin ransa zai yi hukunci, sashen da ke da baki a sama ya samu sassauci, wanda ba shi da kowa ya sha guduma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takarda shafi biyu ta isa: me ke jawo dakatarwar wasa ɗaya, me ke jawo ta zango, wane laifi ne ke kan mutum, wane ne ke kan sashe, me zai faru idan magoya baya suka shigo fili, kuma ina wanda aka hukunta zai kai ƙara cikin kwana nawa. Kowane kyaftin da koci su sa hannu kafin a take leda. A kuma ji ta bakin wanda ake tuhuma kafin a manna sunansa, ko da na minti goma ne.

Akwai kuma dabaru biyu da ba sa cin ko sisi. A 2017 IFAB ta amince wa gasannin matasa da na ƙananan ƙungiyoyi su yi amfani da korar wucin gadi, kuma daga kakar 2019/20 Ingila ta shimfiɗa ta a ƙananan gasanninta: ka yi wa rafali gardama, ka fita ka huce na minti goma, ƙungiyarka ta buga da mutum goma. Amfaninta shi ne abokan wasanka da kansu za su riƙe ka, don su za su sha gudun. Ta biyu ita ce wadda muka gani a gasar Turai ta 2024, cewa kyaftin kaɗai ke zuwa wajen rafali neman bayani, duk wanda ya biyo shi ya ga kati. Da ana bin wannan a filinmu, mutum ukun nan da tun a mako na farko sun san iyakarsu.

Ƙungiyar ɗalibai za ta zauna kan jadawalin gasar bana nan ba da jimawa ba. Wakilan sassa da za su je, ku tafi da batun rubutacciyar ƙa'ida da tantance katin shaida a bakin fili, ku kuma nemi a sake duba haramcin nan tun kafin sababbin ɗalibai su gama rajista.